Shekara Ɗaya da ta Rage wa Zailani

Na san Zailani tun yana firamare. Ni ne akawun ƙungiyar fataken Arewa a Anacha, kuma ofishinmu ɗaki ne guda a jikin gidan mahaifinsa, marigayi Na'Allah. Abin da na gani da idona zan ce na gani, wanda aka gaya mini zan faɗi wanda ya gaya mini.

Na'Allah maigida ne irin na fatauci. Wanda bai zauna Kudu ba sai an yi masa bayani. Falke in ya zo daga Arewa da wake ko albasa ko busasshen kifi, ba ya sauka ko'ina sai a hannun maigida. Maigida ke ba shi ɗaki, a kai masa tuwo, a nemo masa dillali. In ya yi rigima da 'yan gari maigida ke tsaya masa, in ya mutu shi ke yi masa sutura. Ranar komawa kuma zai raka shi tasha, ba zai juya ba sai ya ga mota ta ɗaga. Duk wanda ya ci tuwon gidanka ya zama baƙonka, kuma unguwa ta san baƙon kowa. Alhaji Maikuɗi, wanda daga baya ya zama shugaban ƙungiyarmu, shi ma a zauren Na'Allah ya fara sauka, da ƙunshin kaya ɗaya a ka.

Na'Allah ya rasu Zailani yana sakandare. Baƙin gidan suka koma hannun Alhaji Maikuɗi, aka rufe zauren, mahaifiyarsa Baiwa ta kama tuyar ƙosai a ƙofar gida. Da kuɗin ƙosan da taimakon gwamnati yaron ya yi karatu. Yana jin Ibo kamar ɗan gari, don a cikinsu ya tashi. A 1964 ya samu shiga jami'a a nan Gabas, digiri na shekara uku a fannin mulki da kula da jin daɗin jama'a.

Mutanen unguwa ba su gane karatun ba. Suna tambayarsa likita zai zama ko lauya, ya ce ko ɗaya. To me? Ya ce ma'aikacin jama'a. Wani dillalin albasa ya ce ai Di'o ke nan, irin jami'in mulki na zamanin Turawa, sunan kuwa ya bi shi.

Ni nakan tambaye shi abin da ake koya musu, don ina son sanin yadda ake tsara aiki. Ya ce ana koya musu yadda ƙaramar hukuma ke tafiya, da yadda ake kula da marayu da gajiyayyu, da abin da ake fara yi in ambaliya ko gobara ta raba mutane da gidajensu. A hutu ana tura su koyon aiki. Ya yi wata biyu a Inugu yana bin wata jami'a gidajen matan da mazajensu suka mutu a ramin kwal. Wani hutun aka tura shi Fatakwal, ya zauna a unguwar Diyobu inda ake raba wa yara madara. Duk dawowar da zai yi sai ya dami unguwa. Ya ce salgar masallaci ta yi kusa da rijiya. Ya sa aka haƙa lambatu a bayan rumfar mahauta. Da yamma kuma ba a majalisar 'yan kasuwa yake zama ba, yana can wurin 'yan dako da 'yan ga-ruwa da masu yankan farce, mutanen ƙauye da ke kwana a rumfunan kasuwa, ba su da maigida, ba wanda ya san sunan ubansu. Manya ba su so wannan ba, amma suna ganin ƙuruciya ce.

Ba zan tsaya kan abin da ya faru a Arewa a 1966 ba. Kowa ya sani, kuma ba shi da kyan faɗa. Mu dai a Anacha mun ga motoci suna sauke Ibo, wasu da raunuka, wasu a kwance ba rai. Maƙwabtan da muka yi shekaru muna gaisawa suka daina ɗaga ido. A watan Oktoba aka ce duk wanda ba ɗan Gabas ba ne ya koma inda ya fito. A makon ne aka yi sanarwa a rediyo cewa wata jami'a a Arewa za ta karɓi ɗaliban da rikici ya koro su ƙarasa karatunsu, amma sai sun kai kansu kafin a fara lacca, kuma lokacin ya matso ƙwarai. Shekara ɗaya ta rage wa Zailani. Abin da yake bukata kawai shi ne ya hau mota.

Ƙungiya ta samu manyan motoci biyar masu bodin katako, yawancinsu na Alhaji Maikuɗi. Za su haye sabuwar gada zuwa Asaba, su bi ta Okene su faɗa Lakwaja. Aka yi taro a zauren Alhaji bayan azahar, aka yanke cewa kowane maigida ya loda iyalinsa da baƙinsa da kayansu. Zailani yana zaune can wajen takalma. Da aka zo tashi ya ce, "Baba Alhaji, ina da magana."

"Ku yi shiru," in ji Alhaji. "Di'o zai yi jawabi."

Zailani bai kula da dariyar ba. Ya ce mota biyar za ta ɗauki kowa in mutane aka fara lodawa. Kaya a tara su a ɗakin ajiyar masallaci a kulle. A sa duron ruwa a kowace mota, marasa lafiya a zaunar da su bakin ƙofa. Sannan ya ce, "'Yan dako fa, da 'yan ga-ruwa? Ban ji an ambace su ba."

"Baƙin wa ne?"

"Ba su da maigida, Baba."

"To wa ya kawo su? Ƙafar da ta kawo su ta mayar da su."

"Su suka yi shekaru suna sauke muku buhuna."

"An biya su," in ji Alhaji. "Ka ji, ɗan Na'Allah. Wurinka da na mahaifiyarka yana motar farko, don darajar ubanka. Ka je ka ƙarasa bokonka. Ranar da ka zama Di'on gaske ka zo ka tsara mu."

A hanyata ta komawa ofis na ga abin da ake fitarwa daga gidajen manya. Gadajen ƙarfe, kekunan ɗinki, jerin samiru, giramafon, garewanin manja. A gidan Alhaji na tarar da kafinta yana ɓalle ƙyauren ƙarfe na ƙofar gida, wai shi ma da shi za a tafi. Mutanen da ke ɗaukar wannan kaya a ka suna kai wa tasha su ne waɗanda aka ce ba su da wuri.

Bango ɗaya ne tsakanin ofishina da tsakar gidan Na'Allah, don haka na ji abin da Zailani ya ce wa mahaifiyarsa. Ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa.

"Inna, manyan tukwanen Baba suna nan?"

"Suna ƙarƙashin gado. Me za a yi da su ana shirin tafiya?"

"Baƙi za mu yi."

Matar maigida ce, ba ta bukatar ƙarin bayani. Can ta ce, "Wannan yaron, ka san abin da kake ɗaukowa? Mai gidan nan bai taɓa barin baƙo a tasha ya juya ba."

"Na sani."

"Makarantar fa?"

"In aka yi sauri zan same ta."

Na ji ta jawo tukunya. "Masarar da ta rage ba za ta kai ba, sai an haɗa da garin rogo. Ka ce wa Kallamu ya turo itace."

Kallamu shi ne babban 'yan dako, mutumin Gashuwa, dattijo ne da ɗaukar buhu ya karkatar wa wuya. Bayan la'asar aka buɗe zauren da ya yi shekaru a rufe, aka share, aka shimfiɗa tabarmi. Suka zo suna sanɗa, don yawancinsu ba su taɓa zama a zauren wani ba sai dai su sauke kaya a ƙofa. Zailani da kansa ya riƙa ajiye akussa. Kallamu ya kai loma ya tauna ya ce, "Maigida, tuwon nan da rogo a ciki. Da marigayi ne da ya sallami mai girki."

Daga cikin gida Baiwa ta ce, "A gaya masa in bai so ya ajiye, akwai mai jira."

Washegari da hantsi muna tashar Iweka ana lodi, sai ga Zailani sanye da babbar rigar mahaifinsa, ta yi masa yawa har tana jan ƙasa, mutane a bayansa a jere. Ya durƙusa ya gai da manya, ya ce, "Gidan Na'Allah ya zo da baƙinsa."

"Gidan Na'Allah ya rufe tun da aka binne shi," in ji Alhaji.

Limamin unguwa yana zaune a kan buhu. Ya dubi Kallamu ya ce, "Kun ci tuwon gidan?"

"Mun ci, Allah gafarta Malam. Har da rogo."

"To baƙinsa ne," in ji Liman. "Alhaji, ai kai ma a zauren ka sauka."

Alhaji ya nuna motar ƙarshe da haɓa, tsohuwar da ta fi kowacce lalacewa, wadda rabinta cike yake da garewanin manjansa. Aka roƙe shi a sauke manjan ya ƙi. A nan na ga amfanin karatun yaron. Ya sa aka shimfiɗa buhuna a kan garewanin tsofaffi suka zauna, aka ɗaure duron ruwa da igiya a kusurwa, masu zazzaɓi aka sa su bakin ƙofa inda iska take, kowane rukuni ya naɗa masa mai kula. Ba turereniya, ba wanda aka taka. Motar ta ɗauki fiye da abin da direban ya zata. Baiwa ta ƙi motar farko ta hau wannan, ni ma a ciki aka ba ni wuri.

Duk da haka ba ta kwashe su ba. Wasu sun rage a ƙasa, ga kuma wasu suna ta isowa daga unguwar Fegge, sun ji labarin an buɗe gidan Na'Allah, an ba su ɗumamen da ya kwana. Alhaji tuni ya hau gaban motar farko, nasa baƙin ma ba su gama hawa ba. Ya leƙo ta taga ya ce, "Daga Asaba zan sauke mota ɗaya in turo ta kwashe su. Kai ka hau yanzu, Di'o, su jira."

"Baba Alhaji, baƙina suna ƙasa."

"Ruwanka."

Baiwa ba ta dubi ɗanta ba. Ta miƙa wa Kallamu ƙunshin ƙosai ta saman bodi, don shi ma ya ƙi hawa, ta ce, "A ba wannan yaron, bai karya ba."

A Asaba aka tsaya shan ruwa. Na sauka na je wurin Alhaji na tarar yana cin ayaba. Na tuna masa motar da za a mayar.

"Malam akawu, in na sauke kaya a nan wa zai tsare mini? Ka san yadda manja zai yi tsada a Kano yanzu da hanya za ta rufe?"

"A gaban Liman ka yi alkawari."

"Na ce in Allah ya yarda."

Bai ce ba. Ina tsaye a wurin lokacin da ya yi maganar. Ya jefar da ɓawon ayabar ya ce wa direba a tafi. Na je wurin sauran masu gida ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce ba motarsa ba ce. Aka ɗaga da ƙyauren ƙarfen a ɗaure a saman kaya.

Sauran labarin hanya daga bakin Kallamu na ji shi. Sun jira a tasha har suka tabbata ba motar da za ta zo, suka kwana a masallaci. Da safe Zailani ya tafi caji ofis ya yi magana da Ibo, ya samu wani saja da ya san Na'Allah, ya yarda ya raka su bakin gada. Zailani ya jera su, ƙarfafa a gefe, raunana a tsakiya, wani tsoho mai yankan farce da ba ya iya tafiya aka tura shi a amalanke. An zage su a hanya, an yi jifa, amma sun haye. Daga nan sai ƙafa, wani lokaci motar rogo, wani lokaci kwalekwale. Inda abinci ya ƙare sukan tsaya su yi ƙwadago a gona a ba su doya. Tsohon nan ya rasu kafin Lakwaja. Zailani ya nemo ƙyalle da ruwa, aka yi masa wanka aka yi masa salla aka binne shi yadda ya kamata.

A Lakwaja wani direba ya ce yana da wurin mutum ɗaya zuwa Kaduna. Kallamu ya ce, "Maigida, mun sallame ka. Nan ai ƙasarmu ce, ka je ka kama makarantarka."

Zailani ya ce, "Akwai masu zazzaɓi huɗu, kuma rabinku ba su san hanyar garinsu daga nan ba. Sai na ga kowa a mota."

Haka aka yi. In ban da tsohon nan, duk wanda ya ci tuwon gidan Na'Allah ya isa gida.

Lokacin da Zailani ya kai kansa jami'ar an daɗe da fara lacca. Ma'aikatan ba su wulaƙanta shi ba. Sun ce ƙofa ta rufe, amma akwai hanya ɗaya. In shugaban jama'ar da ya fito cikinsu ya zo ya tsaya masa, ya shaida cewa aikin kwashe mutane ne ya riƙe shi, za a ɗauke shi. Shugaban kuwa Alhaji Maikuɗi ne, wanda a lokacin yana Kaduna an naɗa shi a kwamitin karɓar waɗanda suka dawo daga Gabas. Ni na raka Zailani wurinsa. Ta ƙyauren ƙarfen nan na gidansa na Anacha muka shiga, na gane shi.

Alhaji ya saurara har ƙarshe yana jan carbi. Ya ce, "Ni na shaida wa hukuma ban bar ko kaza a Anacha ba. Yanzu so kake in koma in ce na bar mutane?"

"Ba sai ka ce kai ka bar su ba, Baba. Ka ce mota ce ta yi kaɗan."

"Mota ba ta yi kaɗan ba. Na ba ka wuri a ta farko ka ƙi, a gaban jama'a. Ko ƙarya na yi, Malam akawu?"

Na ce ya ba shi wuri, kuma ya yi alkawarin mota a Asaba. Ya ce a kawo mana ruwa, alamar zama ya ƙare.

Na je jami'ar da kaina na ba da shaida. Suka karɓe ni da mutunci, suka ce akawu ba shugaba ba ne. Liman ya wuce Damagaram wurin danginsa. Sauran masu gida na bi su, kowanne yana da hulɗar kasuwa da Alhaji, kowanne ya ce in bari ya yi tunani. Shekara ta zagayo yaƙi ya ɓarke. Aka ce Zailani zai iya shiga in ya yarda ya faro daga ajin farko, ba tallafi. Lokacin Baiwa tana kwance ba lafiya a ɗakin haya a Tudun Wada, shi ke ciyar da ita. Bai koma ba.

Shekarun yaƙi ya yi su a wata ƙungiyar agaji, yana rabon hatsi da magani a sansanonin waɗanda yaƙi ya kora, yana yin tafinta tsakanin ma'aikata da Ibo. Aikin da ya karanta ne, kuma ya iya shi. Amma duk muƙamin da ya buɗe ana neman mai digiri, don haka mataimaki ya shiga, mataimaki ya fita. A shekarar da Baiwa ta rasu wata ƙungiyar 'yan kasuwa ta shirya walima ta ba Alhaji Maikuɗi lambar yabo, wai shi ya kwashe Hausawan Anacha bai bar kowa ba. An aiko mini da goron gayyata, na ba maigadi.

Da yaƙi ya ƙare a 1970 Zailani ya koma Anacha. Ya tarar da gidan ba rufi, ciyawa ta fito a zaure. Kallamu ya biyo shi, suka sa kwano a zauren da ɗaki biyu. Ba a daɗe ba samarin ƙauye suka fara dawowa neman dako, kuma duk wanda ya sauka a Iweka ba shi da kowa, gidan Na'Allah ake nuna masa. Zailani ke kai su asibiti, shi ke zuwa caji ofis in an kama wani, shi ke sasanta su da masu shaguna. Abincin gidan daga ɗan shagon wake da ya buɗe yake fitowa. Ni ma na dawo na buɗe ofishin ƙungiya a ɗakina na da.

Bara Alhaji Maikuɗi ya zo neman gidansa. Ya tarar an kwashe komai har tagogi, abin da ba wuya tunda gidan ba shi da ƙofa. Masu gida na da ba wanda ya dawo tukuna. Da la'asar sai ga shi a zauren Na'Allah da jakarsa, muna zaune ana shirin cin abinci.

"Di'o, ashe kana nan."

"Ina nan, Baba Alhaji. Sannu da hanya."

Zailani ya tashi ya shimfiɗa masa sabuwar tabarma. Ya ce wa Kallamu a kawo akushi. Kallamu ya ce wuyansa na ciwo yau. Zailani ya shiga ya ɗauko da kansa, ya zuba masa ruwan wanke hannu.

Alhaji ya ci sosai. Ya ce miyar ba gishiri. Ya suɗe yatsu ya dubi Zailani ya ce, "Wai ka ƙarasa bokon nan kuwa?"

"Ban ƙarasa ba, Baba."

"Ka yi sakaci. Saura shekara ɗaya fa. Da yanzu kana babban ofis muna zuwa gaishe ka."

Tuwona yana gabana ban kai rabi ba. Na rufe shi na tashi na koma ofis.

Mako guda Alhaji ya yi a gidan yana bin maganar filinsa, Zailani ke yi masa tafinta a ofishin ƙasa. Ranar da zai koma na je Iweka karɓar saƙon ƙungiya, na hango su. Alhaji ya shige gaban mota yana ciniki da mai ayaba ta taga. Zailani yana tsaye a rana da jakar da ya riƙo masa, ya miƙa ta ga direba, bai juya ba sai da motar ta ɗaga.